Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro Ya Iso Yankin Gaya, Saura Cika Allura Huɗu

A Dioundiou da ƙauyukan da ke kewaye da ita a jihar Dosso, damina kan zo da amfanin gona, ta kuma zo da sauro. Yankin Gaya, wanda Dioundiou ke ƙarƙashinsa har zuwa 2011, na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kuma daga Agusta zuwa Oktoba cibiyoyin lafiya kan cika da yara masu zazzaɓi.

A garin Gaya ne hukumomin Nijar suka ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watan Satumban 2024. Kamfanin GSK na Birtaniya ne ya haɗa allurar mai suna RTS,S, bayan aikin sama da shekara 30, tare da ƙungiyar PATH da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Ƙawancen Gavi, wanda ya haɗa gwamnatoci da kamfanoni da hukumomin duniya, shi ke taimaka wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi wajen sayenta.

An fara gwada allurar a Ghana da Kenya da Malawi a 2019, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021. A wuraren gwajin, mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100.

A tsallaken iyaka ma ba a zauna ba. Jihar Kebbi, maƙwabciyar Dioundiou, na cikin jihohi biyu da Najeriya ta fara da su a Disamban 2024. A can ana amfani da wata allurar ce, R21, wadda Jami'ar Oxford ta ƙirƙira, kamfanin Serum na Indiya kuma yake sarrafawa.

Sai dai samar da allura wani abu ne, kai ta jikin yaro wani abu ne daban. Sau huɗu ake yi wa yaro kafin ta cika, kuma ta ƙarshe tana zuwa ne watanni bayan ta uku, lokacin da uwa ta saba ganin ta gama da rigakafi. Allurar na buƙatar sanyi, shi ya sa firji mai aiki da hasken rana ke da muhimmanci a ƙauyen da babu lantarki. Ga kuma hanyoyin da ruwa ke yankewa da damina, da iyalan da ke kai da komowa tsakanin Nijar da Kebbi, inda katin yaro kan ɓace a hanya.

Allurar ba ta maye gurbin gidan sauro ba, haka ma maganin da ake raba wa yara gida-gida da damina. Mai juna biyu ma tana buƙatar maganin kariya da ake ba ta wurin awon ciki, domin zazzaɓin na jawo ƙarancin jini da haihuwar jariri marar nauyi.

Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma kuɗin babur zuwa asibiti na kan iyaye. A nan ne 'yan uwa da ke Yamai ko Kwatano ko Legas za su iya taka rawa. Duk mai aika kuɗi gida, ya tambaya allura nawa aka yi wa yaron, da ranar da aka rubuta a kati za a koma.