Yadda Ake Zaɓen Bijimi Don Kyautata Irin Shanu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi muku bayani a kan wani abu da muka koya a darasin aikin gona, wanda kuma na ga amfaninsa a gidanmu da na je hutu. Ni mutumin Gidan Goga ne, cikin ƙasar Maradun. A da mahaifina yana da shanu masu ɗan dama, amma ɓarayin shanu da suka addabi Zamfara sun kore mafi yawansu. Yanzu guda tara suka rage mana, kuma da su ne muke fatan sake tayar da garke.

Da damina ta kawo kai, Baba yana bukatar kuɗin taki da na makarantarmu, sai ya zama dole a sayar da ɗaya daga cikin 'yan bijimai biyu da muke da su. Na farko ƙato ne, fatarsa har sheƙi take yi, don a gida aka turke shi yana cin dusa da harawa. Na biyu bai kai shi jiki ba, don shi garke yake bi. Baba ya ce a bar ƙaton don barbara, a kai ɗayan kasuwar Talata Mafara. Na ce, "Baba, da za ka yarda, da ƙaton aka sayar." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, mi ka sani ga shanu?" To, ga abin da na sani ɗin.

Duk abin da muke gani a jikin dabba, ko ƙiba ko yawan nono, abu biyu ne suka haɗu suka kawo shi. Na ɗaya gado, na biyu kiwo, wato abinci da ruwa da magani. Gado shi ne yake bin jini ya isa ga 'ya'ya. Amma ƙibar dusa ba ta bin jini. In ka ciyar da bijimi har ya kasa tashi, ɗansa ba zai gaji ko tsoka ɗaya daga wannan dusar ba. Masana sun gano cewa a cikin ƙwayar halittar saniya akwai wasu 'yan zare guda 60 masu ɗauke da gado, 30 daga uwa, 30 daga uba. Kun ga ke nan maraƙi rabinsa uwa, rabinsa uba. Sai dai saniya ɗa guda take haifa a shekara, a wajenmu ma sau da yawa sai ta kusa shekara biyu, alhali bijimi guda yana iya barbarar shanu ashirin ko fiye. Saboda haka in an yi kuskure wajen zaɓen bijimi, garke duka ne zai sha wahalarsa.

To, yaya za a raba gado da kiwo? Hanyar ita ce a gwada dabbobin da suke garke ɗaya, masu cin abinci iri ɗaya, waɗanda shekarunsu suka yi kusa. Bari in ba da misali. A ce shanun garke kowace tana ba da wajen lita 2 ta madara a rana, amma akwai wata mai ba da lita 3. Ta fi 'yan'uwanta da lita 1 ke nan. Wannan fifikon ba duka ne gado ba. A wajen madara, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne ake lissafa shi a gado, sauran kuwa sa'a ce da lafiya da wurin kiwo. A cikin wannan ɗin ma rabi ne zai isa ga 'yarta. Wani zai ce ai ƙarin bai taka kara ya karya ba. Haka ne, amma ƙari ne wanda ba ya komawa baya. In aka ci gaba da zaɓe daga uwa zuwa 'ya zuwa jika, sai ya taru ya yi yawa.

Sai kuma wata tambaya: bijimi ba a tatsarsa, ta ina za a san ko jininsa na nono ne? Da farko a dubi uwarsa da 'yan'uwansa mata. Amma shaidar da ta fi ƙarfi ita ce 'ya'yansa mata in sun girma sun haihu. Wani manomi na Ingila mai suna Robert Bakewell, wanda ya rayu daga 1725 zuwa 1795, ya yi suna da wannan dabara. Yakan ba maƙwabta hayar ragunansa da bijimansa, sa'an nan ya bi ya duba 'ya'yan da suka haifa, ya san wanda ya kamata ya riƙe. Wannan hanya tana cin lokaci, don saniya takan yi wata tara da ciki, karsana kuma a wajenmu takan kai shekara huɗu kafin haihuwar fari. A 2009 masana suka gama karanta tsarin gadon saniya, kuma tun daga lokacin a Amurka da Turai ana iya ɗaukar gashi ko jinin maraƙi a auna, a yi kirdadon irin 'ya'yan da zai haifa tun yana shan nono. Amma ko wannan awon ya dogara ne ga littattafan da manoma suka daɗe suna cikawa.

Ga shanun nama kuwa, abin da ake dubawa shi ne saurin girma. Ana auna maraƙi ranar haihuwa, da lokacin yaye, da in ya shekara. Wanda ba shi da sikeli yana iya zagaya ƙirjin maraƙin da igiya, ya ƙulla alama, ya gwada da na tsararsa.

Mu a nan muna da iri masu kyau. Akwai Bokolo, wato Gudalin Sakkwato, mai gajeren ƙaho da cikar jiki, ga nama ga nono. Akwai Bunaji, farar saniya mai baƙin kunne. Akwai Rahaji, ja mai dogon ƙaho, gwanar tafiya mai nisa. Akwai kuma Azawak ta ƙasar Nijar, wadda aka daɗe ana zaɓenta don madara a tashar Tukunus kusa da Filinge. A Shika kusa da Zariya an buɗe gonar gwajin dabbobi tun 1928, wadda a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa, wato NAPRI, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can an haɗa Bunaji da shanun Turai da ake kira Firisiyan. 'Ya'yan sun fi Bunaji madara ƙwarai, amma suna son abinci da ruwa da magani fiye da ita. Firisiyan tsantsa kuwa zafin bazara irin namu da kaska suna wahalar da ita. Saboda haka wanda ba shi da harawar da za ta kai shi damina, gara ya kyautata irin da yake hannunsa.

Da na gama, Baba bai ce kome ba, sai ya aika aka kira tsohon Bafillacen da yake yi mana kiwo. Shi bai taɓa shiga aji ba, amma ya san uwar kowace saniya da kakarta. Ya ce uwar ƙaramin bijimin ita ce ba ta ƙafewa har tsakiyar bazara, kuma ba ta taɓa zubar da ciki ba, uwar ƙaton kuwa da kyar take ƙosar da ɗanta. Ya ƙara da wani gargaɗi da na manta ban faɗa ba: kada a bar bijimin ya daɗe har ya hau 'ya'yansa, don jini in ya yi kusa 'yan maruƙa sukan zo da rauni. Bayan shekara uku sai a yi musanya da na wani garke.

Ran Talata aka kai ƙaton kasuwa, ya kuwa yi kuɗi fiye da yadda ɗayan zai yi. Ko zaɓenmu ya yi daidai, ba za mu tabbatar ba sai nan da shekara biyar, in 'ya'yansa sun fara haihuwa. Kafin in dawo makaranta na bar wa ƙanwata littafi da kwalbar lita ɗaya. Duk ran Juma'a tana auna madarar kowace saniya ta rubuta, da ranar haihuwar kowane maraƙi da sunan uwarsa da ubansa.

Roƙona ga iyayenmu shi ne, in bukata ta taso, ko ta Salla ko ta biki, kada a riƙa fitar da mafi kyawun jini a bar ragowa suna barbara. Mu kuma ɗalibai, in mun je hutu, mu taimaka musu da rubutu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa garkunanmu su sake cika, amin.