Minsharin da Ba na Barci Ba

A Manawashi, kamar sauran unguwannin Gombe, idan matashi ya sha ƙwaya ya zube, abin da aka saba ji shi ne: "Ku ƙyale shi, in ya yi barci za ta sake shi." Wannan maganar ta sha kai mutane kabari.

Binciken da hukumar UNODC ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan magunguna irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma har yau hukumar NDLEA na kama tiramol mai ƙarfin miligiram 225, alhali wanda aka amince da shi bai wuce 50 ko 100 ba.

A gindin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke kula da numfashi ko mutum na barci. Da gurɓatacciyar iska ta taru a jini, shi ke ba huhu umarnin ja da saki. Waɗannan magunguna wurin nan suke dannewa. Sai numfashi ya yi ta raguwa, harshe ya saki ya toshe maƙogwaro, minshari mai gurnani ya taso. Ɗaga fatar idon wanda ya sha, za ka ga baƙin tsakiya ya tsuke kamar bakin allura. Leɓɓa da farata su yi toka-toka, jiki ya yi sanyi da gumi. Mintuna kaɗan babu iska, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Wanda ya tsira ma yana iya tashi da naƙasa. Tiramol kuma tana ƙarawa da jijjiga irin ta farfaɗiya.

Haɗarin ya fi tsanani ga mai haɗawa da giya ko ƙwayar barci, da wanda ya daina sha na ɗan lokaci sannan ya koma adadinsa na da, domin jikinsa ya daina jurewa.

Kada a ɗura wa wanda ya zube madara ko manja. Cikin huhu za su faɗa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru. Akwai magani mai suna naloxone da ke dawo da numfashi, sai dai ƙarfinsa kan ƙare kafin na ƙwayar, don haka dole likita ya ci gaba da sa ido.

Iyaye, kada tsoron surutun maƙwabta ya sa ku ja ƙofa. Ku ceto ran ɗanku tukuna, faɗa da nasiha su biyo baya.