Sana'o'i Uku da Ɗalibi Zai Iya Farawa da Wayarsa a Jami'a

A jami'o'i irin su Bayero da ke Kano da Ahmadu Bello da ke Zariya, dubban ɗalibai ne ke zaune wuri guda, buƙatunsu kuma kusan iri ɗaya. Ɗalibin da ya lura da haka, wayarsa za ta iya zama shagonsa.

Ta farko ita ce sayar da data. Zai yi rajista da dillali a intanet, ya sari datar MTN, Airtel ko Glo, ya riƙa sayar wa 'yan ajinsu ta WhatsApp. Ribar kowace giga kaɗan ce, yawan masu saye ke tara ta. Gara ya fara gwada dillalin da kuɗi kaɗan, domin akwai shafukan damfara.

Ta biyu ita ce zane da manhajar Canva, wadda ake iya amfani da ita kyauta a waya. Lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai ko bikin kammala karatu, neman fosta da katin gayyata ba ya yankewa.

Ta uku ita ce POS, wadda ta ƙara bunƙasa tun ƙarancin takardun naira na 2023. Ita kam sai da jari, da na'urar kamfani irin Moniepoint ko OPay, da izinin hukumar makaranta.

Babban abin da ke karya waɗannan sana'o'i shi ne bashin abokai, wato "turo min, anjima zan biya". Ɗalibin da ya ware asusun sana'a daban da na cefanensa, yana rubuta shige da ficen kowace naira, shi ke kai jarinsa ƙarshen zango.