Kayan Ƙawa da Ƙidayar Shekarun Aure: Misali Daga Ƙasar Gusau

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata al'ada da ta fara shigowa tsakanin ma'aikata da 'yan boko a Gusau, watau kyautar tunawa da zagayowar ranar aure, sa'an nan ta auna ta da abin da aka saba a ƙauyuka irin su Ruwan Bore da sassan Tsafe da Bunguɗu.

A wurin Turawa kowace shekara da kayanta: azurfa a shekara 25, lu'ulu'u a shekara 30, yaƙutu a shekara 40, zinariya a shekara 50, daimon a shekara 60. Amma ba duka jerin ne tsoho ba. Ƙungiyar masu sayar da kayan ƙawa ta Amurka ce ta cike guraben a 1937, don kada shekara ta wuce ba a yi ciniki ba.

Shi kuwa Bahaushe ba da shekara yake ƙidayar aure ba, da aukuwa yake ƙidayawa. Lefe ne mafari, sai kayan fitar suna a kowace haihuwa, sai kayan Salla, sai kuma tsarabar Hajji, wadda a da har haƙorin Makka kan biyo ta. Dattijuwa kan iya buɗe adudunta ta karanta tarihin aurenta: wannan warwaro na ɗan fari ne, waɗannan 'yan kunne na auta. Kayan kansu daga nesa suke. Murjani ta hamada yake zuwa daga Bahar Rum, tsakiya kuma a Ilori ake feƙe ta daga jan dutsen da fatake ke kaiwa. Azurfa kuwa, maƙeran fari sun daɗe suna narka kuɗin Mariya Teresa mai tambarin 1780 su ƙera mundaye da zobba.

Babban bambancin, a ganina, yana ga mallaka. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, watau zinariya giram ɗaya da ɗoriya, kuma haƙƙin matar ne ita kaɗai. Haka duk abin da miji ya ba ta kyauta ta karɓa. Saboda haka sarƙa a wuyan matar ƙauye ajiya ce kafin ta zama ado. Ita ake kai wa kasuwa ranar da rumbu ya ƙare, ko ciwo ya kama yaro, ko za a yi wa 'ya kayan ɗaki. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara, har kuɗin fansa an haɗa da ita. Kyautar da aka saya a kanti, gwal ɗin ruwa ne kawai a kanta, ba ta iya ɗaukar wannan nauyi, ko da an miƙa ta a daidai ranar.

Wani abin dubawa shi ne, zinariyar tana ƙarƙashin ƙasar Zamfara. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙo a jihar a 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Matan da suka yi wannan niƙa a tsakar gida kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa rataya abin da ya fito daga dutsen.