Ƙwayar Teku da Launinta Ya Ruɗi Masana

A shekarar 1986, Sallie Chisholm ta jami'ar MIT da Robert Olson na cibiyar Woods Hole, duk a Amurka, suna binciken ruwan Tekun Sargasso da ke cikin Atilantika. Kayan aikinsu na asibiti ne, irin na ƙirga ƙwayoyin jini: ruwa ya bi ta siririn bututu, hasken leza ya doki kowace ƙwaya, na'ura ta rubuta hasken da ta mayar. Wani jan haske mai rauni ya yi ta bayyana, har aka so a ɗauke shi tangarɗar na'ura. Ashe bakteriya ce da ke haɗa abincinta da hasken rana kamar tsiro.

Faɗinta bai kai kaso ɗaya cikin dubu na milimita ba, amma mililita guda ta ruwan teku kan ɗauki har 100,000. An sanar da ita a mujallar Nature a 1988, aka raɗa mata suna Prochlorococcus marinus a 1992.

Ganowa ba ta yi wuya kamar neman danginta ba. Tana ɗauke da wani nau'in kulorofil b, sinadarin kore da aka fi sani a ganyen tsirrai, wanda galibin bakteriya masu cin hasken rana ba su da shi. Sai aka haɗa ta gida ɗaya da Prochloron da Prochlorothrix masu irin wannan launi, har ana zaton daga zuriyarsu koren ganye ya samo asali. Hasashe ne mai daɗin ji, shi ya sa ya karɓu da wuri. Amma kama da wane ba ta wane ba ce. Da aka karanta ƙwayar gadonsu ta 16S, wadda ake auna kusancin bakteriya da ita, sai aka tarar ukun ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. 'Yar'uwar Prochlorococcus ta kusa ita ce Synechococcus, wadda ba ta da kulorofil b ko kaɗan.

Ko sunan nan guda na Prochlorococcus ma rumfa ce mai faɗi. Akwai masu zama sama-sama inda rana ke da ƙarfi, akwai na can ƙasa da mita 100 inda haske ya dushe. A 2003 an kwatanta biyu: ta sama tana da ƙwayoyin gado kusan 1,700, ta ƙasa fiye da 2,200. Har yanzu masana na jayayya kan ko ya dace a raba su jinsi-jinsi.