SALANSAR MOTA: IN TA LALACE, ME KE SAMUN INJI?

Hirarmu ta yau a kan mota take. Za mu yi magana bisa wani ƙarfe da ke ƙarƙashinta, wanda ba a ganinsa sai an duƙa. Sunansa salansa, wato bututun da ke fitar da hayaƙin inji.

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila kai direba ne, ko yaron mota, ko ɗan kabu-kabu. Wataƙila kuma ba ka da mota, amma kana shiga ta haya. Ko wane ne kai, maganar nan ta shafe ka. Ta shafi aljihu, ta shafi rai.

In ka tsaya tashar Gaya da safe, za ka ji wata mota ta taso da ƙara kamar ana harbi. Direbanta ya ce, "Salansa ce kawai ta huje. Ƙara ba ta hana tafiya." To, ba ƙara ce kaɗai ba. Bari mu duba tare.

INJI YANA NUMFASHI

Inji kamar mutum yake. Yana shaƙa, yana fitarwa. Yana jan iska, ya gauraya ta da mai, ya ƙone su a cikinsa. Wannan ƙuna ita ke tura mota. Kilo 1 na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sarai.

Bayan ƙuna sai hayaƙi. Dole hayaƙi ya fita kafin sabuwar iska ta shiga. Ka tuna da murhu cikin ɗakin girki. In hayaƙi bai sami mafita ba, wuta ba ta ci da kyau, mai girki kuma ta yi ta tari. Haka inji yake.

Hanyar hayaƙi tana da kashi huɗu. Na farko, ƙarfe mai rassa da ke manne da inji. Shi ke tattara hayaƙi. Na biyu, dogon bututu. Na uku, tukunyar tace hayaƙi. Cikinta kamar saƙar zuma yake, ita ke rage gubar hayaƙi. Tun daga 1993, sababbin motocin fetur na ƙasashen Tarayyar Turai suna fitowa da ita. Na huɗu, tukunyar baya, mai kashe ƙara. Robobi ne ke riƙe da bututun, suna rataye shi a cikin mota.

Motoci masu tukunyar tacewa suna da wani ɗan ma'auni kusa da inji, mai waya a kansa. Aikinsa shi ne ya sansana hayaƙi, ya gaya wa kwamfutar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ka riƙe wannan a zuciya, za mu komo gare shi.

ME KE KASHE SALANSA A GAYA?

Na ɗaya, tsatsar da mota ta zo da ita. Yawancin motocinmu kwance ne daga Turai. Shekara da shekaru ana sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kotonu, su biyo ta Paraku da Malanbil, su ƙetare gadar Gaya wadda aka gina a 1958. Haka aka yi ta yi har 2023, lokacin da aka rufe iyakar. Can Turai, in ɗari ya yi, gishiri suke zubawa bisa hanya don ƙanƙara ta narke. Gishiri kuwa yana cin ƙarfe. Saboda haka mota takan iso da fenti mai ƙyalli, amma cikinta ya ciwu.

Na biyu, damina. Ƙasar Gaya ta fi sauran ƙasar Nijar samun ruwa, kamar milimita 800 a shekara. Ƙarfe mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi yana iya tsagewa. Laka kuma in ta manne, takan riƙe laima, tsatsa ta kama.

Na uku, ruwan da ke cikin hayaƙi. Litar fetur 1 in ta ƙone, tana ba da ruwa kusan lita 1, amma tururi ne. In tafiya ta yi nisa, kamar daga Gaya zuwa Doso, kilomita wajen 150, bututu yakan yi zafi, tururin ya fice. In kuwa daga gida zuwa kasuwa ne kullum, ruwan yakan kwanta cikin tukunyar baya, ya ci ta daga ciki.

Na huɗu, lodi da ramuka. Motar da aka danƙara wa rake ko buhunan shinkafa takan zauna ƙasa. A hanyar Bengu, ko Tanda, ko Yelu, da ta faɗa rami sai salansa ta bugi ƙasa, ta lotsa, ko roba ta tsinke.

IN TA HUJE

Ba duk huji ne ɗaya ba. Abin tambaya shi ne: ina hujin yake?

In yana can baya, kusa da wutsiya, inji bai cika damuwa ba. Ƙara ce za ta yi yawa. Amma ƙaramin huji ba ya zama ƙarami. Yau kamar ƙwayar gero, gobe kamar bakin ludayi.

In kuwa yana gaba, kusa da inji, to ga matsala. Hujin yana fitar da hayaƙi, yana kuma tsotso iskar waje. Ɗan ma'aunin nan sai ya sansano iska mai yawa. Sai ya gaya wa kwamfuta cewa mai ya yi kaɗan. Kwamfuta ta ƙara mai, alhali inji ba ya bukata. Daga nan mota ta fara shan mai fiye da da. Buji, wanda waɗansu ke ce wa fulogi, ya yi baƙi. Inji ya riƙa rawa in mota tana tsaye. Fitilar inji ta gaban direba ta kama.

Ban da haka, hayaƙin gaba yana da zafi ƙwarai. Yana iya narka wayoyi da robobin da ke kusa da shi.

IN TA TOSHE

Toshewa ta fi huji wahalar da inji. Bututu yana toshewa in ya lotsa. Tukunyar baya tana toshewa in ƙarafan cikinta suka ruɓe suka zube. Tukunyar tacewa tana toshewa in saƙar cikinta ta narke ko ta farfashe.

Ka toshe hancinka da bakinka, ka gwada gudu. Haka inji ke ji. Ka taka totur, mota ba ta amsawa. Ta kasa hawa tudu. Inji ya yi zafi. Wani lokaci ya tashi, ya yi ɗan aiki, ya mutu. Direbobi da yawa sun sayi buji da famfon mai a banza, alhali ciwon yana ƙarƙashin mota.

Babur ma haka ne. In baƙin hayaƙi ya daskare cikin salansarsa, ƙarfinsa ya ragu.

GUBAR DA BA A GANI

Yanzu ga magana mafi girma. Cikin hayaƙin mota akwai wata guba wadda masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce gubar nan da ke kashe mutane in sun kwana da garwashin gawayi a ɗaki rufe lokacin ɗari.

Aikin salansa ne ta kai gubar nan bayan mota. In ta huje a ƙarƙashin kujeru, gubar na iya shigowa ta ɓular dandamalin mota. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci. Direban da barci ya ɗauka a hanya, ka san abin da zai biyo baya. Yara ƙanana da mata masu ciki sun fi saurin cutuwa.

In ka ji haka cikin mota, ka ce a tsaya, a buɗe tagogi, kowa ya fita ya sha iska. Wanda ya suma, a kai shi likita nan da nan. Kada ka bar inji yana aiki cikin ɗaki rufe. Kada ka kwanta barci cikin mota inji yana aiki.

YADDA ZA KA GANE

Ka yi wannan dubawa da safe, a fili, inji yana da sanyi.

Ka duƙa ka duba bututu daga gaba har baya. Inda ka ga baƙin tabo kamar na gindin tukunya, nan hayaƙi ke tserewa. Ka girgiza wutsiyar. In tana lilo da yawa, roba ta tsinke. In ka ji kamar tsakuwa cikin gora, wani abu ya farfashe a ciki.

Sai ka tada inji. Wani ya danne bakin wutsiya da tsumma na ɗan lokaci kaɗan. In akwai huji, za ka ji hayaƙi na huci ta can. In ka shafa ruwan sabulu a mahaɗa, zai yi kumfa inda ke yoyo. Ka yi sauri, don ƙarfen ba ya daɗewa bai yi zafi ba.

In an taka totur amma hayaƙin da ke fitowa ba shi da ƙarfi, mai yiwuwa akwai toshewa.

Ka lura da launin hayaƙi kuma. Baƙi, mai ya yi yawa. Shuɗi, inji yana cin baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa, ruwa yana shiga inji. Waɗannan ciwon inji ne. Sabuwar salansa ba ta maganinsu.

GYARA GWARGWADON ALJIHU

Ka fara daga mai araha.

1. Roba. In ta tsinke, ka sa wata. Ita ce mafi araha, kuma ita ke hana bututu karyewa. Ɗaurin waya na kai mota gida ne kawai.

2. Mahaɗa. In yoyon a mahaɗa yake, wani lokaci ɗaure noti ya isa. In bai isa ba, a canza ɗan faifan da ke tsakanin ƙarafan biyu, wanda makanikai ke ce wa gaskit.

3. Faci. Ƙaramin huji a baya ana iya shafa masa ƙullun nan mai jure wuta da ake sayarwa a shagon kayan mota, a naɗa masa gwangwani, a matse da maɗaurin ƙarfe. Wannan na ɗan lokaci ne.

4. Walda. In ƙarfen da ke kewaye da hujin yana da ƙwari, mai walda zai like shi, ya daɗe. In ya ruɓe kamar busasshen ganye, walda ɓarnar kuɗi ce.

5. Yanke a sa guntu. Ba dole ba ne a canza salansa duka. A yanke inda ya ruɓe, a haɗa guntun bututu mai faɗi daidai da na da. In ya fi shi ƙanƙanta, ka sayo toshewa da kuɗinka.

6. Ta kwance. Kafin ka biya, ka ƙwanƙwasa ta, ka girgiza ta, ka leƙa cikinta. Araha ba ta ado.

In tukunyar tacewa ce ta toshe, wani zai ce maka a fasa cikinta a zubar. Gaskiya ne mota za ta sami ƙarfi. Amma gubar hayaƙi za ta ƙaru a kan iyalinka da maƙwabtanka, fitilar inji kuma tana iya kamawa. Ka tambayi abin da ya kashe ta. Sau da yawa mataccen buji ne, ko inji mai cin baƙin mai, ko gurɓataccen fetur. In ba a gyara wannan ba, wadda za a sa ma za ta mutu. Ka sani kuma, cikinta akwai ƙarafa masu tsadar gaske, har akwai masu sayen tsohuwa. In an cire taka, ka karɓi abinka.

HATTARA WAJEN GYARA

Kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. A sa mata katako mai ƙwari. A bari ƙarfe ya huce. Kafin walda, a cire kan batir, a kawar da jarkokin fetur. In hujin yana kusa da tanki, a kwance salansar a like ta a gefe. Kada kuma ka tsayar da mota mai zafi bisa busasshiyar ciyawa, don tana iya tada gobarar daji.

ABIN TUNAWA

Ɗan'uwa, ga abu huɗu ka riƙe. Huji a gaba yana shan mai. Toshewa tana kashe ƙarfin inji. Hayaƙi a cikin mota yana kashe mutum. Gyaran yau ya fi na gobe araha.

Gobe da safe, kafin ka ɗauki fasinja, ka duƙa ka duba. Kai kuma da ka karanta, ka karanta wa direban da ke kusa da kai. Mu kwana nan, sai hira ta gaba. A sauka lafiya.