Bishiyar da ake ƙundumewa ba laifin komai

Duk ƙarshen hunturu, wajen watan Fabrairu, wanda ya ratsa unguwannin kudancin Amurka, daga Karolina ta Kudu har Teksas, zai tarar da bishiyoyi jere a bakin gidaje an sare musu kai daidai kafaɗar mutum, sun yi cirko-cirko kamar turakun dabbobi. Bishiyar ado ce da masana ke kira Lagerstroemia indica. Mutanen Sin, inda tushenta yake, suna ce mata ja mai kwana ɗari saboda daɗewar furenta, kuma dangi ɗaya take da lalle da rumman. Masana aikin lambu na Amurka sun daɗe suna kuka da wannan sara, har sun laƙaba masa sunan kisan kai. Ina ganin suna da gaskiya, domin mai zarto kuskuren ranar dashe yake ta biya duk shekara.

Masu ƙundumewa ba su rasa hujja ba. Bishiyar a sabon reshe take fure, wanda ya fito a shekarar, don haka in an sare ta sai ta yi tofo da ƙarfi, kowane tsiro ya ɗauko babban curin fure. Haka ne. Amma a matsa kusa a dubi tofon. Daga bakin kututturen tsirrai ne sirara ke fitowa a cunkushe kamar tsintsiya, ba su da ƙwarin ɗaukar abin da ke kansu; ruwa ɗaya ya jiƙa furen sai su rusuna, wasu su ɓalle daga tushe. Furen ma yakan makara. Wurin saran kuwa, da yake nan ake komawa kullum, sai ya kumbura ya dunƙule kamar gwiwar raƙumi. Babbar asarar a jikin bishiyar take. Wadda aka bari ta girma, ɓawonta kan saɓule da kansa, ya bar jiki sumul mai dabbare-dabbaren ruwan kirfa da na toka, santsin da ya sa Japanawa ke kiranta sarusuberi, wato inda biri ke zamewa. In sanyi ya zo ganye ya zube, wannan jikin da lanƙwasar rassan su ne adon da ya rage wa gida.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: ta yi tsayi, ta rufe taga, ta kai wayar lantarki. Amsar tana cikin tarihin irin. André Michaux, Bafaranshe masanin tsirrai, shi ya kai ta birnin Charleston na Amurka a ƙarshen ƙarni na 18, ta kuma karɓu, sai dai wata cuta mai shafa wa ganye farin gari ta addabe ta. A 1956 John Creech ya kawo irin wata 'yar'uwarta, Lagerstroemia fauriei, daga tsibirin Yakushima na Japan, wadda cutar ba ta cika kamawa ba. Donald Egolf na gandun itatuwa na ƙasa da ke Washinton ya aurar da su, aka sami irin Natchez mai farin fure da Muskogee, waɗanda aka fitar a 1978. Su ne suka cika kasuwa, kuma Natchez na kai mita tara. Gandun nan dai ya fitar da Chickasaw da Pocomoke a ƙarshen shekarun 1990, gajeru da ba sa wuce ƙugun mutum. Wanda ya dasa Natchez a gindin taga, ya bar Pocomoke a wurin mai sayarwa, ai shi ya jawo wa kansa.

Wani zai ce ai a Faransa ma ana aske kan bishiyoyin titi. Can tun bishiya tana ƙarama ake farawa, siraran rassan bana kaɗai ake cirewa, ba a gitta zarto a reshe mai kaurin damtse.

Abin da Lagerstroemia take bukata bai taka kara ya karya ba. Rana ce kan gaba, awa shida ko fiye, domin a inuwa fure kan yi ƙaranci, farin garin nan kuma ya samu wurin zama. Ruwa sosai a shekara biyun farko, bayan nan tana jure fari. Taki in ya yi yawa ganye zai ba ka. Gyaran almakashi shi ne cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindi, da busasshen reshe, da wanda ke gugar ɗan'uwansa, a bar mata jiki uku zuwa biyar. Baƙin da ke rufe ganye kamar kunkunniya daga zaƙin da darɓa ke zubarwa yake, don haka ƙwaron ake bi. Wadda aka riga aka nakasa ma ba a fid da rai: a yanke ta daf da ƙasa kafin ta fara tofo, a zaɓi tsiro uku ko biyar mafiya ƙarfi daga cikin waɗanda suka fito, a riƙa tsige sauran har 'yan shekaru.